Darasin Ƙanƙara a Ƙasar Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, safiyar Damari ba ta wasa. Iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe gari, rana ta fito fari fat ba zafi. Yara kan taho makaranta sun cusa hannu cikin riga, ƙafa ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, wasu ƙanshin hayaƙin karan da suka ji ɗumi da shi bai bar jikinsu ba. A wannan gari na ƙaramar hukumar Sabuwa, da maƙwabtansa na Faskari da Ƙanƙara a kudancin Jihar Katsina, ba sai an gaya wa kowa hunturu ya kama ba.

A daidai waɗannan watanni ne malaman ƙananan yara a Kanada da Jamus da Japan ke kwaso dusar ƙanƙara a faranti su shigo da ita aji. Yara su taɓa, su dunƙula, su auna, su zuba ido har ta narke. Hotunan irin waɗannan darussa suna yawo a waya, ana kuma cin karo da su a littattafan yara da aka shigo da su daga waje. Malamin da ya gani a ƙasar Hausa yakan yi ɗayan biyu: ko ya ce wannan ba namu ba ne ya wuce, ko ya zana mutum-mutumin dusar ƙanƙara a allo ya ce yara su kwafa. Duka biyun asara ce. Na farko ya bar darasi mai amfani, na biyu ya sa yaro haddar abin da hannunsa bai taɓa kaiwa ba.

Abin da malamar Kanada ke nema ba dusar ba ce ita kanta. So take yaro ya gane cewa ruwa yana sauya kama, ya daskare, ya narke, ya bi iska. Cewa zafi yana tashi daga wani abu ya shiga wani. Kuma ya saba da yin hasashe, ya gwada, ya duba da idonsa. Duk waɗannan ana iya koyar da su a Damari da ƙanƙarar leda, da gishiri, da gwangwanin madara, da tukwanen ƙasa. Wasu ma hunturu ya fi dacewa da su a kan sanyin Turai.

Me ya sa dusar ƙanƙara ba ta zuba a nan?

Wannan ce tambayar da yara za su fara yi, don haka ya kamata malami ya riƙe amsarta. Ruwa yana daskarewa ne a digiri 0 a ma'aunin salshiyos. Sanyin asubahin da ke hana mutanen yankin Funtuwa fitowa da wuri yakan sauka zuwa digiri 12 ko 10, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, amma da sauran tafiya kafin ya kai sifiri. Bayan haka, dusar ƙanƙara tana bukatar abu biyu a lokaci ɗaya: tsananin sanyi da danshi a sama. A ƙasar Hausa kuwa ba sa haɗuwa. Da hunturu akwai sanyi, iska a bushe ƙamas. Da damina akwai danshi, amma gari da ɗumi.

Sai dai sanyin yana nan a bisa kawunanmu. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. A ƙasashe masu zafi irin Najeriya, sai an kai wajen mita 4,500 zuwa 5,000 kafin ruwa ya fara daskarewa. Funtuwa tana kan tudun da bai wuce kimanin mita 700 ba. Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, wato rabin hanya. Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa ya kai mita 5,895, shi ya sa ake ganin fari a kansa ko da yake yana dab da tsakiyar duniya.

Hadarin damina yana hawa ya wuce wancan mataki nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin ruwan da ke zuba a gonakin masara na Sabuwa a watan Agusta, ƙanƙara ne can sama, a hanya ya narke. Idan iskar cikin hadarin ta yi ƙarfi, takan riƙe ƙwayoyin tana wasa da su har su yi kauri, su faɗo ba su gama narkewa ba. Wannan ita ce ƙanƙarar da ke kwankwatsa kwanon ɗaki a farkon damina, yara su fita da gudu suna tsinta. Wanda ya raba babbar ƙwaya biyu zai ga ta yi hawa-hawa kamar albasa, kowane zagaye shaidar wani rufi da ta samu a cikin hadarin.

Yana da kyau yara su san cewa dusar ƙanƙara ba ta Turawa kaɗai ba ce. Tana zuba kowace shekara a tsaunukan Atlas na Maroko, inda a garin Ifran aka auna sanyin da ya fi kowanne a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, ranar 11 ga Fabrairu, 1935. Ta zuba a kan yashin Sahara a Ain Sefra ta Aljeriya a 1979, ta sake zuba a 2016 da 2018. Tana sauka a Jabal al-Lauz da ke yankin Tabuka a Saudiyya. Ɗaliban Islamiyya ma sun san sunanta, domin an ambace ta tare da ruwa da ƙanƙarar sama a wata addu'ar buɗe salla da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira.

Tseren narkewa

Ƙanƙara ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan yankin. Duk wanda ya yi azumin bazara ya san masu kawo ta a buhu bisa babur daga garuruwan da ke da wuta, yanzu kuma firizar sola ta shiga shaguna da dama. Ledar fiya wata uku ko huɗu da suka daskare sun ishi aji ɗaya, muddin an sako su a kula ko an naɗe su a buhu.

Gwajin farko shi ne tseren narkewa. Malama ta fasa ƙanƙarar gida huɗu, girmansu kusan ɗaya. Ta sa ɗaya a farantin ƙarfe, ɗaya a ƙwarya, ɗaya ta kai rana, ta ƙarshe ta naɗe ta a tsohon bargo ko ta binne ta a cikin ƙaiƙayi. Kafin komai, sai ta tambaya: "Yara, wacce kuke ganin za ta riga narkewa?" Kowa ya tsaya a bayan wadda ya zaɓa, a ƙirga layukan da ƙarfi, a rubuta adadin a allo. An shigo da lissafi ke nan tun ba a fara ba.

Yara da yawa bayan bargo za su tsaya, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: da shi suka rufa jiya da dare, suka ji ɗumi. Amma idan aka buɗe bayan rabin awa, sai a tarar ta cikin bargo ce ta fi saura, ta rana ta zama ruwa, ta farantin ƙarfe ta fi ta ƙwarya zubewa. A nan malama ba ta gaggawar bayani. Sai ta sa hannun yaro a cikin bargon da ba kowa a ciki, ta ce ya faɗi ko akwai zafi. Babu. Bargo ba ya yin zafi, tare shi yake yi. Idan ya rufe mutum, ya hana zafin jikinsa fita. Idan ya rufe ƙanƙara, ya hana zafin waje shiga. Ƙarfe kuwa yana da saurin miƙa zafi, shi ya sa bokitin ƙarfe ke cizon hannu da asuba, shi ya sa kuma ƙanƙara ba ta daɗewa a kansa.

Wannan ilimi ne da mai sayar da ƙanƙara ke aiki da shi kullum, kuma an yi kasuwancin duniya da shi. A 1833 wani ɗan kasuwar Amurka, Frederic Tudor, ya loda wa jirgin ruwa tan 180 na ƙanƙarar da aka yanko daga tafkunan yankin Boston, aka lulluɓe ta da kayan da ke tare zafi, jirgin ya yi wata huɗu a teku ya isa Kalkata ta Indiya da kimanin tan 100 ba ta narke ba. Yaran firamare huɗu zuwa sama za su iya lissafa abin da ya zube a hanya.

Gwaji na biyu ba ya cin minti biyar kafin a fara ganin abu. A cika roba mai garai-garai da ruwa, a tambayi yara ko ƙanƙara za ta nutse, tunda tana da tauri irin na dutse. A jefa tsakuwa, ta nutse. A jefa ƙanƙara, ta taso, amma kai kawai ta leƙo, kashi tara cikin goma na jikinta yana ƙasa. Dalili shi ne ruwa idan ya daskare yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, shi ya sa ledar da ta daskare ke yin tim, kwalbar da aka cika maƙil aka sa a firiza takan fashe. A ɗaura zare a daidai bakin ruwan, a bar robar a kan taga. Idan ƙanƙarar ta narke, ruwan yana nan a kan zaren, bai ƙaru ba.

Gishiri da gwangwanin madara

Gishiri shi ne abokin aikin da ya fi ba yara mamaki. A ɗora zaren ɗinki mai jiƙa a kan guntun ƙanƙara, a ce wa ya iya ɗaga ta da zaren ba tare da ya ƙulla ba. Kowa ya gwada ya kasa. Sai a barbaɗa gishiri kaɗan a kan zaren, a ƙirga zuwa sittin tare, a ɗaga a hankali. Ƙanƙarar za ta biyo zaren tana lilo. Gishirin ya narkar da samanta, zaren ya shige, ruwan ya sake daskarewa a kansa. Idan aka ƙara gishiri aka ɗiga zoɓo mai kauri, jan zai bi ramukan da gishirin ya haƙa, yara su ga hanyoyin da idonsu. Saboda wannan hali na gishiri ne ake watsa shi a titunan Turai da Amurka lokacin sanyi, don kada motoci su zame.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Idan aka daka ƙanƙara aka cakuɗa ta da gishiri, kimanin awo uku na ƙanƙara da awo ɗaya na gishiri, sanyin haɗin yana faɗuwa ƙasa da sifiri sosai, yana iya kusantar digiri 21 ƙasa da sifiri. A ƙulle zoɓo kaɗan a ƙaramar leda, a tura ta tsakiyar haɗin a cikin roba mai murfi, a naɗe da tsumma, yara su riƙa karɓa-karɓa suna girgizawa. Cikin minti goma zuwa sha biyar zoɓon zai kama. An daskarar da abu ba wuta, ba firji.

Yanzu sai a zuba irin wannan haɗi a gwangwanin madara da aka cire wa takarda aka goge bayansa tas. A ajiye shi inda iska ba ta kaɗawa, yara su kewaye shi su yi shiru. Bayan 'yan mintuna wani fari-fari zai fara tsirowa a jikin gwangwanin. Idan iskar ta bushe da yawa ya yi jinkiri, yaro ɗaya ya huro numfashi a hankali daga ɗan nesa. Wanda ya kankaro shi da farce zai ji gari ne mai laushi, mai sanyi, da ke ɓacewa nan take a kan yatsa.

Wannan fari-farin ɗan'uwan dusar ƙanƙara ne na jini. Ba ruwa ba ne ya zubo ya daskare. Danshin da ke cikin iska ne ya taɓa wuri mai tsananin sanyi, ya zama ƙwayoyin ƙanƙara kai tsaye. Haka dusar ke haɗuwa a cikin gajimare. Idan makarantar na da gilashin ƙara girma, ko malami ya matso da kyamarar wayarsa, za a ga ƙananan tsinkaye da rassa. Yaron Damari da ya ga wannan ya riga ya taɓa ainihin abin da ke cikin hoton littafin.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce daga ina danshin ya fito. Yara kan ce gwangwanin ne ke yoyo. Maganin gardamar shi ne a sa ƙanƙara cikin jan zoɓo a kofin silba, a jira, a goge bayan kofin da farin ƙyalle. Da yoyo ne, da ƙyallen ya yi ja. Da hunturu, gumin kofin kaɗan ne, wata rana ma da ƙyar a gan shi, saboda danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wannan ba gazawar gwajin ba ce, sakamako ne da ya kamata a rubuta a ajiye.

Abin da randa ta sani

Akwai darussan sanyi da ba sa bukatar ƙanƙara ko kaɗan. A tsoma hannu ɗaya a ruwa, a bar ɗaya a bushe, a ɗaga su duka a iska. Jiƙaƙƙen ya fi jin sanyi, domin ruwan da ke bin iska yana tafiya da zafin fata. Da haka zufa ke sanyaya jiki, da haka kuma randar da ke kowane tsakar gida ke aiki: ruwa yana tsatsafowa ta ƙofofin yumɓu, iska ta ɗauke shi, na ciki ya yi sanyi. A zuba ruwa ɗaya a tulu da jarkar roba da safe, a ɗanɗana da azahar, harshen yaro zai yanke hukunci.

Wani malami ɗan Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan magina tukwane ya kuma koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar a Dutse, ya ɗauki wannan sani ya mai da shi abin adana amfanin gona a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A gwaje-gwajensa, gautan da ke yin kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000, ya yi amfani da kuɗin wajen yaɗa tukwanen a ƙauyuka.

Aji na iya haɗa irinta da tukwane biyu daga kasuwa. A sa tumatir uku a ciki, uku a kan taga. Kowace safiya rukuni ɗaya ya yayyafa wa yashin ruwa, ya duba tumatir, ya zana yadda suka koma. Wannan fasaha tana aiki ne inda iska ta bushe, don haka hunturu da bazarar Katsina sun fi damina dacewa da ita. Ga 'ya'yan manoman rani, darasi ne da zai bi su har gida.

Ita ma ƙurar hunturu abin nazari ce. A shafa basilin a farin kwali guda biyu, a rataya ɗaya a waje, ɗaya a rufe a cikin akwati, a kwatanta su bayan kwana uku. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda a zamanin da tafki ne babba ya ƙafe. Iska na ɗaukar ƙurar Sahara har ta haye tekun Atlantika, kuma wani bincike na hukumar NASA da aka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon kowace shekara. Daga kwalin nan malami zai iya shiga maganar rufe abinci, da rufe hanci ranar da hazo ya yi yawa. Haka ma tartsatsin da yara ke gani a bargo da dare: a goga matajin roba ko balan-balan a gashi ko a rigar sanyi, a kusanto da shi ga yagaggun takardu, su yi tsalle su manne. A bushewar hunturu gwajin ba ya ƙi. Da damina sai ya yi ta gardama.

Kusurwa shida

Bayan yara sun taɓa, sun gani, sannan hoto ke da amfani. Ƙwayar dusar ƙanƙara tana da rassa shida, saboda yadda ƙwayoyin ruwa ke jeruwa idan sun daskare. Masanin taurarin nan na Jamus, Johannes Kepler, ya yi rubutu a kan wannan siffa tun 1611. Wani manomi ɗan Jihar Vermont a Amurka, Wilson Bentley, ya ɗauki hoton ƙwaya ɗaya a 1885 yana ɗan shekara 19, ya ci gaba har ya tara fiye da 5,000 bai ga biyu iri ɗaya ba. A 1936 Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido a Japan ya shuka ƙwayar farko a ɗakin gwaji.

A aji, tsohuwar takarda da almakashi sun isa. A yanka ta zagaye da bakin kofi, a ninka biyu, a sake ninkawa gida uku, a ɗan ciccire gefe, a buɗe. Kowane yaro ya ƙirga rassan tasa, ya nemi wanda tasu ta zo ɗaya. 'Yan ajin share fage, waɗanda hannunsu bai isa almakashi ba, sai a ba su karan dawa shida-shida su jera a ƙasa, ko su liƙa auduga a kan zanen da malama ta yi. A yankin da ake tsinkar auduga daidai wannan lokaci ana kai ta Funtuwa, ba za a rasa ɗan dunƙule ba. A dai gaya musu gaskiya: auduga ta yi kama da dusar a fari da rashin nauyi, amma sanyin sai a jikin gwangwani.

Ba baƙon tsari ba ne

Koyar da kimiyya da abin da ke hannu ya daɗe a arewacin Najeriya. A Kano aka yi taron da ya haifar da Shirin Kimiyyar Firamare na Afirka a 1965, wanda ya dage a kan yaro ya binciki abin da ke kewaye da shi. A shekarun 1970 Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta tsara darussan kimiyyar firamare ga jihohin Arewa a kan wannan turba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 kuma ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, inda aka ce a koyar ta hanyar wasa. Malaman da suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma ko ta Tarayya a Katsina sun karanta wannan. Abin da ke hana aikatawa shi ne cunkoson aji, da rashin kaya, da tsoron hayaniya.

A wannan yanki akwai ƙarin nauyi. Tun kafin sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da kuma bayansa, matsalar tsaro ta sha katse karatu a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu. Yaron da ya yi watanni ba ya aji, ya dawo an wuce shi, yakan yi shiru a baya. A darasin taɓawa da gani kuwa ba a tambayar wa ya iya karatu. Wanda bai san baƙi ba zai iya zama farkon wanda ya hango fari a jikin gwangwani, ya ɗaga murya: "Malama, ga shi nan!"

Abin kiyayewa

A yi darasin ƙanƙara bayan an dawo daga tara, rana ta ɗaga, ba da sassafe ba. Yaron da ke da ciwon sikila kada ya riƙe ƙanƙara ko ya jiƙa hannu, domin sanyi na tayar da ciwon. A ba shi aikin ƙirga lokaci ko rubuta sakamako. Mai asma ya tsaya nesa da ƙaiƙayi da ƙura. Kada a bari kowa ya damƙe ƙanƙara da gishiri a tafin hannu, domin haɗin yana ƙona fata. Cokali da tsumma ake sawa. Kada 'yan ƙanana su sa gutsuttsura a baki, saboda shaƙewa da kuma rashin sanin ruwan da aka daskarar. Bakin gwangwani a daddanne shi kafin a shigo da shi. Wuta kuwa ba ta da wurin zama a waɗannan darussa, musamman a lokacin da gobara ke saurin tashi.

Idan aji ya cika, a fita gindin bishiya, a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwano ɗaya da babban yaro ɗaya. Shugaban makaranta da kwamitin iyaye za su iya shiryawa da mai firiza a gari ya riƙa ajiye leda kaɗan ranar da za a yi darasin, yara kuma su zo da gwangwani da zare daga gida. Gwaji ɗaya a mako ya isa, daga buɗe zango na biyu a Janairu zuwa lokacin da zafi zai fara shigowa.

Duk abin da aka gani a rubuta shi a bayan tsohuwar kalanda da kwanan wata, a rataye a bango: minti nawa ƙanƙarar rana ta yi, ko kofi ya yi gumi, kwana nawa tumatir ya kai, takarda nawa mataji ya ɗauka. A zango na uku, wajen watan Yuni, idan damina ta sauka, sai a maimaita gwaje-gwajen da kaya iri ɗaya. Kofin zai jiƙe sharkaf, farin jikin gwangwani zai yi kauri, matajin zai yi sanyin aiki, tukunyar ba za ta yi sanyin da ta yi a Janairu ba. Yara su jera lambobin biyu a allo, su faɗi da bakinsu abin da ya sauya a cikin iskar garinsu.